Mayafin da Dabbila Ya Rina

A ƙauyenmu da ke kan hanyar birnin Rajagaha babu marinin da ya kai Dabbila, babu kuma wanda ya kai shi ƙorafi. Hannuwansa sun yi shuɗi har gwiwar hannu tun yana saurayi, bakinsa kuwa bai taɓa hutawa ba. Katanga ɗaya ta raba gidansa da namu, ita ma gajera ce, don haka duk abin da ya faɗa mun sha shi da ɗuminsa.

Marini ɗan marini ne, kuma a nan kowa ya san matsayin da aka haife shi a ciki. In Barahmana, wato manyan malamai masu hadayar wuta, suka taho, Dabbila kaucewa yake yi gefen hanya. Kayan da ya rina wa mai gari ma a bakin ƙofa yake ajiyewa, a yayyafa musu ruwa kafin a ɗauka. Bai taɓa damuwa ba, sai da ƙanensa Sirika ya ɓata masa lissafi.

Sirika malalaci ne na bugawa a kasuwa. Ka aike shi wanke zane a kogi, ka tarar da shi yana barci, zanen kuma ya kama hanyar teku. Wata rana ya bi sufayen nan mabiyan Buddha, aka aske masa kai, ya ɓace shekaru. Da ya dawo zaman damina tare da su a kurmin mangwaro, Dabbila ya ga abin da ya hana shi cin abinci: mai gari da kansa, Barahmane ɗan Barahmane, ya durƙusa gaban Sirika yana zuba masa shinkafa da man shanu. Sirika ko godiya bai yi ba, don su ba sa godiya.

"Yaron da na goge wa majina," in ji Dabbila. "Ni da nake aiki ana yayyafa wa kayana ruwa, shi da ya gudu daga aiki ana taɓa ƙafarsa."

Matarsa Kesini ta ce ai aska tana nan, in yana so ta aske shi yanzu. Ya bar zancen, don yana son miyarta.

Abin da yake so ɗaya ne: a kira sunansa a gaban mai gari, Sirika yana ji. Da ƙarshen damina ya matso, lokacin da ake kai wa sufaye yadi, ya nemo farin yadin birnin Kasi mai laushi, ya rina shi ja, irin jan da matan fatake ke rigima a kai. Ya ce babban sufi zai ba, tsohon nan mai tari, kowa ya ga wanda ya fi amfani a gidansu.

Ranar ya yi wanka sau biyu, ya miƙa yadin, mai gari na kallo. Tsohon ya ce ba a ba mutum ɗaya, na jama'ar sufaye ne, kuma su ba sa yafa abin da ɓarawo zai yi sha'awa. Nan take aka kawo wuƙa. Dabbila na tsaye aka yayyanka yadinsa gunduwa-gunduwa, aka hau ɗinke shi kamar kunyoyin gonar shinkafa. Jan ma aka ce ya yi ƙyalli, sai an kashe shi da ruwan ɓawon itace. Wa ya iya wannan a garin? Dabbila. Da hannunsa ya tafasa ɓawon, ya mayar da jansa launin ƙasa, yana cewa hayaƙi ne ke sa shi hawaye.

Sai aka zo rabo. Al'adarsu, wanda mayafinsa ya fi tsufa shi ake ba. Aka duba, aka duba, babu wanda nasa ya kai na Sirika yagewa, sai aka ba shi. Dabbila ya ce dama tun yana yaro ba ya iya riƙe kaya.

Sunansa dai an kira. Tsohon ya ambace shi, ya yi masa fatan alheri, amma tari ya sarƙe shi a tsakiya, mai gari kuma a lokacin yana gyara wa Sirika gefen sabon mayafin.

Washegari Sirika ya biyo ta layinmu a hankali, sanye da sabon mayafin, ƙoƙon bara a hannu, ido a ƙasa, ya tsaya a ƙofar yayansa. Kesini ta fito da shinkafa ta durƙusa. Mutane suka zuba wa Dabbila ido. Ya daɗe yana juya muciya a tukunyar da babu komai a ciki, sannan ya zo ya durƙusa shi ma, gwiwa ɗaya.

"Yaya, rinin ya kama da kyau," in ji Sirika.

"Kar ka wanke shi da kanka," in ji Dabbila. "Ka kawo mini."

Da na leƙa ta katanga na taya shi murnar gaida ƙane, sai ya ce ni ban da hankali, shi yadinsa ya gaisar.