Gashin Baba da Hular Wayoyi

Mun tashi da asuba daga Kano mu uku, da akwatin na'urar da ke auna motsin ƙwaƙwalwa. Ni tafinta ne kawai. Daga Bichi zuwa gaba gonakin gero da gyaɗa manne suke da juna, ko wurin juya mota da ƙyar. A kasuwar Tsanyawa muka sha fura, mai nonon ta ga tabarau a idonmu ta tsuga mana kuɗi.

A wani ƙauye aka kawo mana wani dattijo manomi mai fama da farfaɗiya. Takardar neman yardarsa shafi huɗu ce. Na fassara masa na farko, na tsallake sauran don muna son kama hanya kafin la'asar. A waɗanda na tsallake ɗin ne aka ce za a tura bayanan ƙwaƙwalwarsa ƙasar waje, a koya wa kwamfutoci da su, har kamfanoni su yi amfani da su. Ya dangwala yatsa ya ce Allah ya yi mana albarka.

Hular wayoyin da ake sa wa mutum don awon ta ƙi kama fatar kansa saboda gashi, sai aka kira wanzami. Da aka gama aski Baba ya durƙusa ya tsince gashinsa tas, ya kai bayan rumbu ya binne. Har na tsokane shi, na ce ko zai tsiro ne.

Bayan awo ya dubi zanen da ke rawa a kwamfutar ya ce, "Yaro, gashi na binne don kada ya faɗa hannun da ban sani ba. Wannan na cikin kan fa, ina za ku ajiye shi?"

Na ce, "Yana wurinmu, Baba."

A hanyar dawowa, muna shiga Bichi sabis ɗin waya ya kawo, na'urar ta tura komai ina kallo. Kunya ta kama ni, tsiren da aka saya ma na kasa ci.

Washegari na roƙa a goge bayanansa. Aka ce an cire suna an haɗa da na wasu, ba mai iya ware shi. Tafiyar nan ta koya mini cewa dangwala yatsa ba yarda ba ce idan tafinta ya ci rabin magana. Ranar kasuwa zan koma in karanta masa shafuka ukun nan, duk da ba ni da abin da zan mayar masa ya binne.