Sunan ƙanina a jerin zakaru

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a unguwar Bulabulin, ƙanina yana gyaran waya a rumfar da ke jikin shagona. In babu aiki sai ya duƙufa kan wasan ƙwallo na waya, wanda su suke kira gem. Nakan leƙa in ce masa, "Ƙato da kai kana wasan yara?" Shi kuma ya ce, "Yaya, kai da ko lamba ba ka iya ajiyewa a waya sai ka kira ni." Gaskiyarsa ce, har yau ban iya sosai ba.

Ashe kamfanin da ya yi gem ɗin yana shirya gasa. Ƙanina ya yi ta doke mutane har aka gayyace shi Legas wasan ƙarshe. Wata huɗu kafin nan aka kashe mahaifinmu a gonarsa ta wajen Khaddamari, tare da wasu manoma. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Ranar wasan mun cika shagona, muna kallo kai tsaye a waya ɗaya da aka jingina da keken ɗinki. Ƙanina ya ci. Da aka miƙa masa abin magana, sai ya ɗaga tafukansa ya roƙi duk mai kallo ya taya shi Fatiha ga babansa da sauran manoman. Sannan ya ce, "Waɗanda aka ɗora wa tsaronmu, ku ji tsoron Allah." Mu ma a shago muka ɗaga hannu. Kafin mu shafa, hoton ya ɗauke, talla ta shigo.

Washegari kamfanin ya fitar da sanarwa cewa ya karya dokar hana maganar siyasa. Suka dakatar da shi shekara ɗaya, suka cire sunansa daga jerin zakaru da ke shafinsu. Mutane suka yi ca a kansu a intanet, wasu suna goge gem ɗin daga wayoyinsu. Da surutun ya yi yawa, sai suka sake sanarwa mai laushi, wai suna girmama kowace al'ada, sun rage hukuncin zuwa wata shida. A gefe kuma suka turo masa takarda: in ya sa hannu cewa ya yi nadama, za a mayar da sunansa.

Ni na ce ya sa hannu a wuce wurin. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, in rubuta cewa na yi nadamar yi wa Baba addu'a?" Ban sake ɗaga maganar ba.

Bayan mako biyu masu surutun suka koma wani labarin. Da damina ta zo ƙanina ya kwanta zazzaɓi. Kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Wannan suna da suka goge, an mayar?" Na ce a'a, Umma. Ta ce, "To kai ne babba."

Akwai abokina, malamin makaranta, da ya iya Turanci. Duk Juma'a bayan mun sauko daga masallaci nakan je wurinsa, in faɗa da Hausa, shi ya rubuta wa kamfanin. Magana ɗaya ce kullum: yaron ya ci gasar, ya rasu, a mayar da sunansa. Amsa iri ɗaya take dawowa, ta na'ura, ana gode mana da tuntuɓa. Abokina yakan ce, "Malam tela, da bango fa kake magana." In ce, "Rubuta dai. Bangon ma wani ne ya gina shi." Da suka gaji suka ce za su aiko wa iyali kyauta ta ta'aziyya. Umma ta ce a gode musu, ba kyauta ta aike ni nema ba.

Mun kusa shekara a haka. Wata Juma'a muka tarar da amsa daga mutum, wata ma'aikaciyarsu. Ta ce ta sake kallon hoton, tana tambaya: ɗaga hannun nan da ya yi, alamar wace ƙungiya ce? Sai na gane duk tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa tambaya. Na ce wa abokina ya rubuta mata cewa haka muke yi wa mamatanmu addu'a, a gida da kasuwa da ko'ina. Na kuma ce ya rubuta cewa maganarsa ta biyu, kan masu tsaro, lallai ya faɗe ta kuma da su yake. Abokina ya ce mu bar wannan, za ta ɓata mana aiki. Na ce shi bai janye ta yana raye ba, ni ba zan janye masa ita yana kabari ba.

Wata guda babu labari. Ba su ba da haƙuri ba, ba su yi sanarwa ba. Wata rana dai abokina ya buɗe shafin, sai ga sunan a saman jerin shekararsa.

Har yau ina jin ciwon cewa ni na fara ce masa ya sa hannu. Abin da na koya shi ne, irin waɗannan kamfanoni jira suke surutu ya mutu, kuma yakan mutu. Wanda abin ya shafa ne ba ya da damar gajiya.

Na kai wa Umma wayar. Ba ta karanta boko, sai ta ce in ɗora yatsanta a kan wurin. Na ɗora. Ta jima a haka, sannan ta ce, "Ɗaga hannunka. Wancan karon ba su bari mun shafa ba."