Mai Hura Dutse a Kasuwar Catu

A kasuwar garinmu Catu, gefen mai ƙosai, ga wata baƙuwa da hular kwano, ta kafa baki a guntun dutsen yashi tana hurawa, ruwan gishiri na tsattsafowa ta ɗaya gefen. Da gani, uwarta ta sha fama da ita kan cin ƙasa.

Ta ce, "Ka gani, Seu Valdomiro? Haka iskar hayaƙin da muke turawa ƙarƙashin ƙasa ke ture ruwan gishiri gefe."

Seu Valdomiro, wato Malam Valdomiro, tsoho ne maƙwabcina, rijiya ɗaya gare shi. Ya ce, "To 'yata, gefen nan, ina ne?"

Na ce, "Likitar duwatsu, ƙara hurawa, ko amsar ta fito!"

Ko murmushi babu. Ta goge baki, ta ciro biro. "Baba, zurfin rijiyar taka gaba nawa ne?"