Ranar da Ammi Ubaidu ya hau da tumaki tudu

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Madina, Ammi Ubaidu ya riga ya dawo daga masallaci, ya kunna injin ban-ruwa, ya zagaya dabinai yana dafa kowanne kamar mai gaishe da maƙwabta. Daga nan sai wajen tumaki. Ba ya zuba musu ciyawa sai ya dubi idon kowace, ya ga wadda ta kwana lafiya da wadda take ɗingishi. Faɗa da Hausa yake yi musu, lallashi kuma da Larabci, su kuwa duka biyun suna ji. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki a gonar marigayi Abdulmajid, can gefen kwarin Aƙiƙ. Sunansa na yanka Ubaidullah, “Ammi” kuwa da Larabci baffa ke nan. Kakansa ne ya taso daga Damagaram da ƙafa don aikin hajji, ya ga Madina ya ce ya iso gida.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwoyi sun ƙi, 'yarsa Hanan kuma ta dage sai ya koma wurinta a unguwar Anbariyya. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa, ko da yake in ya ji ɓata rai zai yi ya ce mutane sun cika surutu.

A sanyin bara ne, wata safiyar Talata, saƙo ya shigo wayar kowa cewa hadari mai ƙarfi na tafe, da ƙanƙara da iska da sanyin da aka daɗe ba a gani ba. Tumaki talatin da bakwai ne a gonar, tara daga cikinsu jarirai ne. Ga Hajja Rakiya, matar marigayin, ba dabbobi ba ne kawai. Zuriyar tunkiya biyu ne da mijinta ya saya shekarar aurensu, kuma tun rasuwarsa duk Juma'a sai an kawo ta ta zauna a kan kujera tana kallonsu. Da ta ji saƙon, sai ta sa ɗanta Haisam ya kawo ta gonar tun hantsi.

Haisam injiniya ne, mai ladabi, mai son uwarsa. Shekara uku da suka wuce ya gina wa tumakin sabuwar zariba, wato ɗakinsu, da bulo da siminti da rufin kwano, a ƙasa-ƙasa kusa da ƙofar gona don mota ta riƙa sauke ciyawa ba wahala. Shirinsa mai sauƙi ne: a kora su ciki, a ja ƙofa, a rufe tagogi da tamfol. Wa zai ce ba daidai ba ne? Mu nan in aka ce hadari, sama muke kallo. Shekara goma sha wani abu ruwa bai bi ta wannan gefen ba, har mutane sun manta cewa kwari hanyar ruwa ce, hanya mai mai-ita.

Ammi Ubaidu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ba za su kwana a nan ba. Tudu za mu hau da su, tsohon ɗakin dutse.”

“Ya Ammi, wancan ɗakin ai rabin rufinsa babu,” in ji Haisam, yana haɗa Hausar da ƙyar kafin ya zame Larabci. “Wannan jadid ne, sabo fil, wallahi ko ɗigo ba ya yi.”

“Na sani, ya waladi, ɗana. Rufinka ba shi da laifi. Zo ka gani.”

Ya ja shi gindin wani tsohon dabino da ke jikin zaribar. Ya cusa yatsu tsakanin ɓawon kututturen, daidai ƙirjinsa, ya zaƙulo busasshen laka mai haɗe da tsakuwa, ya zuba a tafin hannun injiniyan.

“Iska ba ta ɗaukar tsakuwa ta kai nan. Sel ne ya ajiye ta, ruwan kwari, kana aji uku a lokacin. Ni da babanka muka tsaya a kan tudun can muna kallo. Lokacin da kake ginin nan na so in faɗa maka, sai na ga kana murna, na yi shiru. Laifina ne wannan, ba zan ƙara na biyu a kansa ba.”

Haisam ya dubi uwarsa. Hajja Rakiya ta gyara mayafi ta ce, “Halas, shi ke nan. Abin da Abu Hanan ya ce, shi za a yi.” Haka take kiran Ammi Ubaidu, da sunan 'yarsa.

Wanda bai ga aikin ranar ba ba zai gane ba. Dattijo mai shekara sittin da takwas ya hau tsani yana jera rassan dabino a inda rufi ya ɓule, ya shimfiɗa tamfol, ya danne da duwatsu, Haisam na miƙo masa daga ƙasa da farar rigarsa da ta koma ruwan ƙasa. Suka toshe tagar arewa da buhunan sha'ir. Suka ɗora ciyawa a kan katako don kada ta sha danshi, suka baza busasshen yashi a ƙasa. Ammi Ubaidu ya ɗebo tsofaffin buhuna, ya huda wa kowanne wuya da kafar hannu, Hajja Rakiya na zaune tana ɗaura musu igiya, aka yi wa jariran tara riguna. Ya kashe wutar injin rijiya, ya cika duro biyu da ruwan sha, ya kama kaji ɗaya bayan ɗaya ya kai sama. Har tulun gas da tabarmin ɗakin baƙi bai bari ba.

Tumakin suka ƙi hawa. Haisam ya kora ta nan su watse ta can, har ya fara haki. Ammi Ubaidu ya bar shi ya ɗan sha wuya tukuna, don yana da wannan halin, sannan ya sunkuya ya ɗauki jariri mafi ƙanƙanta ya rungume, ya kama hanya bai ko waiwaya ba. Uwar ta bi shi tana kuka, saura suka bi uwar.

Ana idar da la'asar gari ya yi baƙi. Ƙanƙara ta sauko tana dukan duwatsu, iska na lanƙwasa dabinai. Su uku suna cikin ɗakin dutse tare da dabbobin, ga ɗumin jikinsu ga warinsu, Hajja Rakiya na ta salati. Kafin magariba suka ji wani ruri daga ƙasa. Haisam ya leƙa ta ƙofa, ya ga jan ruwa ya shigo ta ƙofar gona, ya cika sabuwar zariba har taga. Rufin kuwa yana nan ƙalau, ko ɗigo bai yi ba. Da ya juyo sai ya kama kan dattijon ya sumbata.

Da safe aka ƙirga: talatin da bakwai, babu ko ɗaya da ta yi tari. Sai a lokacin Haisam ya tuna cewa ɗakin Ammi Ubaidu ma a ƙasa yake, bayan zaribar. Ya same shi a tsugune cikin laka, gaban wani akwatin ƙarfe a buɗe. Kayan marigayiya matarsa Khadijatu ne a ciki. Hotunan aurensu sun manne da juna, fuskokin sun wanke. Mayafinta kaɗai ya ɗauraye ya shanya a kan reshen dabino.

“Ya Ammi, don me ba ka faɗa ba? Minti biyar ne mu ɗauko shi!”

“Na tuna da shi muna kan rufi. Na ce in mun gama. Ba mu gama ba sai da ruwa ya zo.” Ya goge hannu a jikin rigarsa. “Ita ma da tana nan, cewa za ta yi a fara da masu rai.”

Hajja Rakiya ta juya baya ta yi kukanta, ba ta ɓoye ba.

Ammi Ubaidu, kai ne uban garke. Kai ne ka faɗi gaskiya ga ɗan mai gida ba ka kunyata shi ba, ka fara da laifinka kafin ka nuna nasa. Kai ne ka san abin da za ka iya rasawa, kana kan tsani kana hango ƙofar ɗakinka, ka ci gaba da jera rassa. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, ba ka kuma taɓa nema ba. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa maka gwiwoyin nan, ya jiƙan Khadijatu, ya haɗa ku inda ba a rabuwa.

Mu kuma da muka rage, akwai irinsa a gonakinmu da shagunanmu da gidajenmu, suna aiki shiru shekara da shekaru. Mu tambaye su kafin mu zuba siminti. In kuma ranar wahala ta zo suna ta kwashe namu, wani a cikinmu ya tsaya ya ce, “Baba, naka fa, ina yake?” Ranar nan babu wanda ya tambayi Ammi Ubaidu.