Mukayyif ɗin Ɗakin Wardi

Ban taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na tura ƙofar ɗakin wardi iska mai ɗumi ta bugi fuskata ba. Ɗakin da kullum sai na ƙudundune saboda sanyi! Nan take na san wanda ya kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ni ce.

Ku da kuka zo aikin nan bayanmu, bari in yi muku bayani. Lokacin watana uku a gidan baje kolin zane, ina shara da goge gilashi. An aro zanen furanni daga Faransa, waɗanda wata sarauniyarsu ta sa aka yi mata shekara ɗari biyu da suka wuce. Kawu Isufu, mutumin Nijar da ke mana tafinta, shi ya ba ni labarinta: a wani tsibiri mai nisa aka haife ta, ta tara wardi iri-iri a lambunta, ta ɗauki mai zane yana zana su. Da mijin ya sake ta don ba ta haifa masa magaji ba, lambun ta koma. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a kan fatar maraƙi aka yi zanen, fata kuwa ba ta shiri da danshin Jidda.

Ran Alhamis ni na fita ƙarshe. A gidanmu a unguwar Mahjar, Ummi ba ta yafe wa wanda ya bar mukayyif yana aiki ba kowa a ɗaki. Hannuna ne ya kashe, ban ma sani ba. Juma'a kuma ba a buɗewa.

Na ruga zan ƙure sanyin, sai Kawu ya daka mini tsawa.

"Kul, ya binti! Sanyin farat ɗaya ya fi zafin ɓarna. Jira Madam."

Madam ita ce Bafaranshiyar da ta rako zanen. Kowace safiya takan duba wata 'yar na'ura mai rubuta zafi da danshin ɗakin, ta sa hannu.

"Kawu, in ce wuta aka ɗauke?"

"A ɗaki ɗaya tak? Na'urar nan ta fi ki wayo."

Iƙamata, wato takardar zamana, kamfanin da ya ɗauke ni aiki ne kafilinta, wato shi ya tsaya mini, saura wata guda a sabunta. A Jidda aka haife ni. In aka kore ni, Damagaram za a tura ni, garin da ban taɓa gani ba sai a wayar Ummi. Na faɗa masa haka.

"To, ai akwai kilishi mai daɗi a can," in ji shi. Da ya ga hawaye sai ya bar wasan. "Faɗa mata gaskiya, 'yata. Ni zan juya mata da yarensu."

Ƙarfe takwas Madam ta iso, na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsorata ni. Tambaya ɗaya ta yi: ƙarfe nawa na kashe? Sannan ta shiga ɗakin ta rufe ƙofa. Na goge gilashi ɗaya ya fi sau goma. Na zauna, na tashi, na ɗauki waya zan kira Ummi, na ajiye.

Sha ɗaya da rabi ta fito, Kawu yana juya mini. Akwatunan gilashin a toshe suke, da ƙwayoyin shanye danshi a ciki. Kusurwar zane ɗaya ce ta ɗan ɗago, za ta kwanta. Ta ce sanin lokacin ne ya sa ta gane yadda za ta dawo da sanyin a hankali, kuma laifin na wanda bai manna gargaɗi a makunni ba ne. A aikin nan, in ji ta, ɓoye kuskure shi ke kashe kaya.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Kawu. "Kilishi ya wuce ki."

Madam ta miƙo mini takarda da alƙalami, wai ni zan rubuta gargaɗin. Ku duba jikin makunnin, yana nan. Karkacewar rubutun ba rashin iyawa ba ne, tsoro ne bai gama sakina ba.