Gurbi na Shida

A kasuwar bakin ruwa ta Tongyeong ba wanda ke kiran Tak Sunim da sunanta. Maman Dahye ake ce mata, kuma ita ma ta fi son haka. Ɗan shagonta yana daf da inda ake shiga jirgin ruwa, tana naɗe shinkafa cikin ganyen teku tana haɗawa da kifi mai yaji. Hannunta da sauri, amma bakinta ya fi shi. In fasinja ya tsaya taya abinci sai ta ce, "Alhaki ne ya kawo ka ko yunwa? Jirginka na shirin tashi."

Ita ce mai ƙwaƙwalwa a gidan ubanta, sai dai mace ce. Tana gama ƙaramar sakandare aka tura ta masaƙa a Masan domin yayanta ya yi karatu. Shi kuwa yayan, don tsabar ji da kai, babbar jami'ar Seoul kaɗai ya nema. Ya faɗi jarrabawar shiga, ya sake zama ya faɗi, ya dawo gida ya rungumi kwalba har ta kai shi ƙasa. Sunim ta bar ƙuruciyarta a bakin injin saƙa a banza. Tun daga nan ba abin da take tsoro a duniya kamar mutum ya miƙa hannu sama ya dawo da shi wayam.

Ta yi aure a makare, mijin ya rasu Dahye tana tatata. Yarinyar ta tashi shiru-shiru, tana aikin makaranta a kan akwatin kifi a bayan shago, kuma ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ba. Abu guda take so tun tana ƙarama, wato jami'ar nan ta Seoul da ta kayar da kawunta.

Shekararta ta ƙarshe a sakandare, da watan Satumba ya kama, aka buɗe susi, neman gurbi na da wuri. Jami'a shida ake ba ɗalibi ya nema kafin babbar jarrabawar Nuwamba. Wanda bai samu ko ɗaya ba, sai ya jira makin jarrabawar ya nema da shi. Amma wanda ko guda ta ɗauka a susi, an rufe masa waccan hanyar, ko ya so ko ya ƙi.

Dahye ta sa ta Seoul a farko, ta bi ta da wasu manya huɗu, ta bar na shida fili. Uwar tana wanke tukunya ta ji zancen.

"Na shidan fa? Ajiye shi za ki yi ya haihu?"

"Umma, ba dole ba ne a cike."

"Ba dole ba? Sa ta Jinju, fannin jinya. Ga ta nan kusa, mota ɗaya."

"Umma, waccan ba ta kiran mutum ganawa. Sakamakon makaranta kawai take dubawa. In ta ɗauke ni, ko na ci jarrabawa da makin da ba a taɓa gani ba, na tashi daga zancen Seoul."

"To sai me? An ɗauke ki ne fa, ba korar ki aka yi ba. Kin san kawunki? Haka ya riƙa magana, ɗaya tak, ɗaya tak. Ni na ciyar da wannan ɗaya tak ɗin."

Malam Pyo, malamin ajin su Dahye, ya kira Sunim a waya ya yi mata bayani har sau biyu. Ta ce to, ta ce na gode, amma ba abin da ya shiga. Kwana biyu ba ta yi wa yarinyar magana ba, tana ajiye mata abinci ta juya baya. A na uku Dahye ta cike gurbin. Gaskiyar da Sunim ba ta faɗa wa kowa ba, har kanta, ita ce ba faɗuwa kaɗai take tsoro ba. Seoul ta yi nisa, ita kuwa ba ta da kowa sai wannan yarinya.

Ta yi duk abin da uwa ke yi. Ta hana miyar ganyen teku shiga gidan don kada santsinta ya zamar da yarinyar a jarrabawa. Ta hau dutse zuwa wurin ibada tana durƙuso har gwiwoyinta suka kumbura, tana roƙon a ɗauki 'yarta ko'ina ne.

Makin jarrabawa ya fito a farkon Disamba. Malam Pyo da kansa ya zo shago, yana haki, ya ce da wannan maki ba ƙofar da ba za ta buɗe ba a Seoul, muddin susi ta sake ta. Dahye ta ƙi zuwa ganawar jami'o'i huɗun nan da gangan don su yar da ita. Ta Seoul ta duba takardunta a susi ta ce a'a, amma wannan bai dame ta ba, tunda ga maki a hannu. Saura ɗaya. Yarinya na addu'ar a ƙi ta, uwa na addu'ar a karɓe ta, a ɗaki guda suke kwana.

Lambar wayar Sunim aka rubuta a matsayin ta iyaye, don haka ita saƙon ya fara samu, da hantsi, tana tsakiyar naɗi. Ta karanta kalmar taya murna, sai komai ya bar kanta. Ta kwance atamfar aiki, ta ruga wurin mai wainar shinkafa ta kwashe tire guda, ta shiga layin kasuwa tana rabo.

"Ku ci! 'Yata ta samu! Kai mai ƙanƙara, miƙo hannu, yau ba faɗa!"

Mata suka yi ta guɗa. Sai da ta kai wurin Maman Sangho, mai busasshen kifi, wadda ta riga ta sha wannan fama na neman gurbi da 'ya'ya biyu.

"Seoul ɗin ce, Yaya?"

"Jinju."

Maman Sangho ta ajiye wainar a kan sikeli.

"Wayyo, Yaya. Da wannan makin? Ai sace ta aka yi."

Haka yaran ke kiran abin, napchi, wato satar mutum. Sunim ta sha jin kalmar a bakin ɗalibai masu zuwa cin abinci, tana ɗauka raha ce. Ta tsaya riƙe da tire a tsakiyar kasuwa, maganar Malam Pyo ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da ba ta da amfani.

Ta tarar da Dahye a shago, ta ɗaura atamfar da uwar ta yar tana sallamar fasinja. Labarin ya riga ya iso mata, amma ba ta yi kuka ba. Sunim ta ce ta sake zama jarrabawar baɗi, za ta tsaya mata. Yarinyar ta girgiza kai.

"Na zuba duk abin da nake da shi, Umma. Babu saura."

Ta tafi Jinju, ta gama, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti can. Ba wanda zai ce ba 'yar kirki ba ce. Tana kira duk Lahadi, tana aiko maganin gwiwa, tana zuwa bikin kaka da sabuwar shekara. Ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba, kuma ba ta sake ba ta labarin wani abu da take so ba, ko riga ce. Sunim ta gwammace a zage ta. Mota ɗaya ce tsakaninsu, kamar yadda ta nema, amma kewar 'yarta ta fi damunta ranar da suke zaune tare.

Bara ta saki shagon saboda ƙafa. Dahye ta zo taya ta kwashe kaya, suna naɗe kwanoni cikin jarida. Sunim ta daɗe tana juya kwano guda a hannu.

"Dahye. Ba jami'ar ce ta sace ki ba. Ni ce."

"Na sani, Umma."

"To ki yi fushi mana! Ki faɗa mini magana ko sau ɗaya, in ji sanyi."

Dahye ta karɓi kwanon ta naɗe shi, ta sa a kwali.

"Na gwada, Umma. Amma na san abin da ya sa kika yi. Shekara goma ina neman wanda zan yi wa fushi, ban samu ba."