Ranar da Na Yanke wa Baba Igiya

Ko na tsufa na manta sunana, ba na jin zan manta ranar da na yanke wa Baba igiyoyin rijiyarsa.

Hutu na zo Dakoro daga ƙasar waje, inda nake bincike kan ciwon daji a jikin ɓeraye. Ashe labari ya riga ni isowa, wai ɗiyar wane kiwon kusu take yi a can. Baba ya ji an yi dariya a kasuwar dabbobi, ya dawo ya ce magana ta ƙare, ba zan koma ba. Saura mini shekara guda in gama!

Ni kuwa da zuciya aka haife ni. Na same shi da hantsi yana gyaran igiyoyin gugan da raƙuma ke janyowa daga rijiya, ɗaya ja ɗaya shuɗiya. Na ɗauki wuƙarsa na datse su duka biyu. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Har yau in na tuna sai in ce, kai, yarinyar nan ba ta da kunya.

Na ƙulla guntun ja da guntun shuɗiya. Na ce, "Baba, a cikin ƙwayoyin da ke tsare jiki daga cuta akwai zaruruwan gado kamar waɗannan, kuromozom ake ce musu. Wannan yana ɗauke da umurnin hayayyafa, jefi-jefi ake taɓa shi. Wancan kuwa na haɗa makaman kariya ne, ba ya hutawa. In suka tsinke suka ƙullu a karkace, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari. Shi nake bi a jikin kusu."

Ya karɓi igiyar ya jujjuya. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ƙullinki bai yi ba." Ya sake duba ƙullin, sannan ya ce, "Wato an ɗaura gugan wani a igiyar raƙumin da ba ya jin tsaya."

Wallahi malamaina ba su taɓa faɗinsa da kyau haka ba! Na yi tsalle ina tafi kamar ƙaramar yarinya.

"A jikin mutum ma yana faruwa?"

Na ce masa e, akwai irinsa da ke kumbura muƙamuƙin yara. Ya ce ya taɓa ganin mai irin wannan kumburin a Sabon Maci, bai san abin yana da dalili ba.

"Koma wurin kusunki, Allah ya yi albarka. Amma sai kin zauna na koya miki ƙulli."

Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa dariya da hawaye suka haɗe mini. Ranar na gane cewa shekarun da na yi ina cewa Baba ba zai fahimci aikina ba, ni ce ban taɓa zama na gaya masa ba.